Ki Zauna a Gidan Kafur, Sa'adatu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Assalamu alaikum, 'yata Sa'adatu.

Kin ga na rubuta sunanki. Shekara ashirin da uku ina ce miki "ke" ko "yarinyar nan", don ke ce ta fari, haka kuma muka tarar iyayenmu suna yi. Bakina har yanzu ba zai iya ba, amma biro ya iya, na kuma ji daɗin rubuta shi. Ina fata kin sauka Kano lafiya, kin sami kawunki Sule da iyalinsa lafiya. Allah ya tsare ki a shigarki da fitarki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya raba ki da sharrin hanya da na wuta da na abin da za ki riƙa taɓawa a wurin aiki. Takardar nan a ƙarƙashin zannuwanki zan sa ta, don kada ki gan ta sai kin yi nisa da ni. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san inda karatuna ya tsaya.

Goggonki Asabe ta faɗa mini abin da kika ce mata a bakin rijiya. Wai wata ɗaya za ki yi a kamfanin kafur ɗin, don kada kawunki ya ji kunyar waɗanda ya kai ki wurinsu, daga nan ki ajiye aikin ki dawo ki zauna da ni, tunda Babanki ya rasu, ni kuma ban daɗe da fita takaba ba. Kada ki ji haushinta. Ke ma kin san ba a ba Asabe ajiyar magana. Dalilin wannan takarda ke nan, ba na so ki dawo.

Kin san yadda shekarun nan suke. Maza nawa ne a ƙauyen nan suka dawo daga birni da tabarma a hammata saboda an rufe wurin aikinsu? Sabulu ma sai an yi masa layi. A cikin wannan hali takarda ta zo cewa an ɗauki 'yar Malam Hadi aiki a ɗakin gwaje-gwaje, a inda ake yin kafur da maganin ƙwari. Ranar ina cikin takaba, ba damar in yi guɗa. Na shiga ɗaki na toshe bakina da gefen zane, na yi ta dariya har Zinatu ƙanwarki ta leƙo ta zaci kuka nake yi. Tun ranar da aka ɗauki Babanki ban yi dariya ba sai ranar nan. Shi ne kike so ki mayar musu da takardarsu?

Ba ni da ilimin da zan ba ki na aikinki, ke kika san shi. Abin da nake da shi kurakuraina ne, kuma abin mamaki, yawancinsu da irin kayan da za ki je yi na yi su.

Da aka kawo ni gidan Babanki daga ƙauyenmu na wajen Shanono, Innata ta ƙulle mini kafur guda bakwai a tsumma ta jefa a akwatin ƙarfe, don asu da kyankyaso. Ina ji da kafur ɗin nan kamar zinariya, ƙamshin gidanmu ne a wurina. Bazara ta wuce, na buɗe akwati zan ɗauki zanen sallah, sai na tarar da tsumma a ƙulle yadda yake, amma abin da ke ciki bai fi ƙwayar gero ba. Mutum ɗaya ce ke shiga ɗakina, Asabe, lokacin tana budurwa a gidan. Ga shi kuma duk inda ta gifta ƙamshin kafur take yi. Na manta sarai cewa zanena take ara. Na tare ta a tsakar gida na ce ta fito mini da abina. Ta rantse, na ce rantsuwar ɓarawo ba ta dame ni ba. Babanki ya ce, "Kulu, wane ɓarawo ne zai kwance ƙulli, ya bar miki ɓurɓushi, ya sake ƙullewa?" Na ce mai wayo. Daminar nan kaf ba mu ci tuwo a kwano ɗaya da Asabe ba.

Sai bayan shekara ashirin, da kika zo hutu daga kwaleji, kika ɗora kafur a murfin kwano bisa katanga kina nuna wa ƙannenki yadda yake ƙanƙancewa kullum. Kika ce shi ba ya narkewa ya zama ruwa, daga ƙwaya sai iska, kuma zafi yana ƙara masa sauri. Kika ce ƙamshin da muke ji, shi ne kafur ɗin yake tafiya. Ina tankaɗe na ajiye rariya. Ko mayafi ban yafa daidai ba na nufi gidan Asabe.

Ta ce, "Matarmu, lafiya kike haki?"

Na ce, "Gafara na zo nema. Kafur ɗin nan ashe da kansa ya tafi."

Ta ce, "Wane kafur?"

Na ce, "Na akwatina."

Ta ajiye taɓarya ta riƙe ƙugu. "Shekara ashirin ina ɓarauniya a garin nan, sai da aka kai yarinya kwaleji aka wanke ni? To da ba ta ci jarrabawa ba fa, da haka zan mutu?"

Muka yi ta dariya har muka zauna a ƙasa. Amma da na taso ina tafe, na tuna daminar nan da yarinya marainiya take cin tuwonta ita kaɗai a bayan rumbu saboda ni. Don haka, a wurin aikinki za a yi ta auna abubuwa, wata rana abin da aka auna ba zai cika ba. Kada bakinki ya riga saninki. Ki fara tambayar kayan kansu ina suka tafi, kafin ki dubi fuskar mai shara ko mai ɗaukar buhu. Su ne ake fara tuhuma, su ne kuma ba su da mai tsaya musu.

Kin tuna a wannan hutun ne Babanki ya ce ki gaya masa abin da kike karantawa, da Hausa, ba da yaren 'yan boko ba? Kika ɗebo gyaɗa guda shida kika jera su zobe a kan tabarma, kika ce ga benzin, uwar gidan ke nan, kowace ƙwaya riƙe da ta kusa da ita, kowace kuma da ɗan rakiyarta a waje. Ya ce, "To, 'yan mata sun yi da'irar gaɗa." Kika ɗauko tsakuwa kika ce ga kulorin, ɗan'uwan wanda ake sa wa ruwan famfo. In an cire ɗan rakiya ɗaya an sa tsakuwa a gurbinsa, an sami wani ruwa da ake narkar da abubuwa da shi, ana kuma bi ta kansa a yi rini da maganin ƙwari. In tsakuwa biyu ne suna maƙwabtaka, ruwa ne da ke wanke maiƙon inji. In kuwa biyun suna kallon juna daga gefe zuwa gefe, farar ƙwayar nan ce ta akwati da ta bayan gida. Kika ce ba duk kafur ɗin kasuwa ne wannan ba, kuma daban yake da na itace wanda ake sa wa ruwan wankan mamaci. Babanki ya daɗe yana kallon tabarmar. Ya ce, "Wato tsakuwar ɗaya ce, wurin zamanta ne ya bambanta?" Kika ce haka ne. Ya ce, "Allah mai iko," ya tsince gyaɗar ya cinye benzin ɗin gaba ɗaya. Bayan kin koma, duk wanda ya zauna da shi a gindin darbejiya sai ya jera masa gyaɗa. Rabin abin ya manta, yana ƙara nasa, ba mai iya gyara masa. Ban taɓa ganinsa yana alfahari da wani abu kamar wannan ba, har da shekarar da gonarsa ta fi ta kowa.

Da na san wannan bayani da wuri, da ban yi abin kunyar ranar sunan ƙanenki Habibu ba. Ke kina wurin kakarki lokacin, ba ki gani ba. Na ga kafur yana korar asu daga tufafi, sai na ce me zai hana ya kori ƙwari daga wake? Ban tambayi kowa ba, don ina so a ce Kulu ce ta gano dabara. Na tura guda uku cikin tukunyar wake na liƙe baki da laka. Gaskiya ko ƙwaro ɗaya bai shiga ba. Ranar suna aka yi alala da waken nan aka fitar wa maza. Liman ya kai loma ɗaya, ya tauna a hankali, ya ce af, ya tuna yau yana azumin nafila. Babanki ya shigo da kwanon a hannu yana ƙoƙarin haɗe dariya, ya ce, "Kulu, alalar nan daga madafa ta fito ko daga akwati? In zane ce ki faɗa mana mu ɗaura." Har yau in Asabe tana so ta tsokane ni sai ta ce yaushe za a yi alalar amare. Ke ce daga baya kika gaya mini ba abin dariya ba ne, kafur yana taɓa hanta, kuma bai kamata a cusa shi cikin kayan jarirai yadda muke yi ba. Allah ne ya rufa asiri warin ya hana mutane ci. Abin da nake so ki ɗauka a nan, kada son a yabe ki ya hana ki tambaya. Ke sabuwa ce a wurin. In ba ki gane abu ba ki ce ba ki gane ba, ko da wanda zai gaya miki bai yi rabin karatunki ba.

Yanzu ga wanda ban taɓa gaya wa kowa ba. Babanki kaɗai ya sani, ya kuma tafi da shi.

Shekarar babban fari kina ƙarama, Habibu yana goye. Rumbu ya zama fayau, mun ci rama da tafasa har cikinmu ya gaji. Malamin gona ya raba irin dawa wanda aka shafa wa garin magani, an yi masa launin ja. Akwai rubutu a jikin buhun, da Turanci. Babanki ya rataye shi a ɗaki ya ce ba na ci ba ne, sai ruwa ya sauka. Ruwa ya ƙi sauka. Wata rana da hantsi yana gona, kin yi kukan yunwa har muryarki ta dushe, kika koma kina kallona kawai. Na sauke buhun na ɗebi ƙwarya guda. A tunanina jan nan shi ne dafin, in ya fita an gama. Na wanke sau uku har ruwan ya yi fari, na shanya, na watsa wa kaji tsakin da ya rage a gindin ƙwarya. Na zuba a turmi ke nan Babanki ya shigo neman ruwan sha. Bai yi mini tsawa ba. Ya riƙe taɓaryar ya ce, "Kulu, dubi kajinki." Biyu suna kwance a gindin randa suna shure-shure.

Ya haƙa rami a bayan gida ya binne dawar da kajin, ya ƙone turmin, ya tafi Tsanyawa a ƙafa ya sayar da babbar rigarsa ta sallah ya dawo da gero. Bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya. Ranar da kike jera tsakuwa, da kika zagaye zoben duka shida kika ce dangin wannan ne ake shafa wa iri, ba ya wankuwa, yana zama a jiki har ya bi ruwan nono, na tashi na shiga ɗaki kamar zan ɗauko wani abu. Shi ya san abin da ya tashe ni.

Sa'adatu, ni ba mahaukaciya ba ce, kuma ba na ƙin 'ya'yana. Ban iya karanta abin da ke jikin buhun ba ne, ba kuma wanda ya ce mini jan alama ce kawai, maganin yana nan ko an wanke. Mata irina sun cika ƙauyukan nan daga nan har Makoda. Mu ne muke wanke gwangwanin maganin feshi mu zuba man gyaɗa don murfinsa yana da kyau. Waɗanda suke haɗa kayan nan ba su taɓa zama a tsakar gidanmu ba, ba su san abin da muke yi da su ba. Ke kin sani. In kin zauna a wurin har aka fara jin maganarki, ki ce a rubuta gargaɗin da Hausa, a rubuta da ajami don irin Babanki, a yi zane don wadda ba ta iya ko ɗaya ba. Ki gaya musu a fili cewa mace mai jin yunwa za ta wanke iri. In kin dawo gida kin zauna kina taya ni tsince shinkafa, wa zai gaya musu?

Akwai kuma wanda yake ci mini rai tun rasuwar. Da aka fara kawo maganin feshin wake, malamin gona ya ce a rufe hanci da baki. Babanki ya naɗe fuskarsa da rawani, ido kawai ake gani, ya goya tankin feshi. Na tsaya a ƙofar gida ina dariya, na ce, "Sannu Buzu, ina ka baro raƙumin?" Maƙwabta suka ɗauka, yara suna binsa da shi. Kin san shi da kunya. Ya kwance rawanin, bai ƙara rufe fuska ba, da hannu ma yake dama maganin. Likita bai ce wannan ne ya kawo ciwon ƙirjinsa ba, na kuma san kwana ne ya ƙare. Amma ina ma ban yi dariyar nan ba. Don haka duk abin da aka ba ki na kariya ki sa, safar hannu da abin rufe hanci da farar rigar. Ko za a ce kin yi kama da dodo, ki sa. Kada ki ci abinci a ɗakin da kuke aiki, ki wanke hannu kafin ki taɓa ko da goro ne, kada ki haɗa kayan aikin da na sawarki a wanki. In kin ga wani yana yi wa mai rufe fuska dariya, ki ba shi labarin uwarki, na yafe miki.

Na bar mafi girma a ƙarshe. Ina aji huɗu Babana ya rasu. Ni ce nake zuwa ta ɗaya a lissafi, malaminmu har gida ya zo sau biyu a kan keke. Ba wanda ya cire ni daga makaranta, kada ki ɗora wa kowa. Ni na dubi Innata tana zaune ta yi tagumi, na ce ba zan bar ta ita kaɗai ba, sai ta warware in koma. Wata ya zama shekara, 'yan ajinmu suka wuce, na ji kunyar zama da ƙanana. Ita kuwa Inna, kin dai san ta. Bayan wata shida ta miƙe ta koma yin ƙuli-ƙulinta, ta yi shekara ashirin da wani abu tana faɗa da masu awo a kasuwa. Wata rana ina ƙoƙarin karanta mata takardar asibiti ina tuntuɓe, ta ce, "Ke da an bar ki da kin zama malama." Na ce, "Inna, ai saboda ke na zauna." Ta dube ni da mamaki na gaskiya ta ce, "Ni na ce ki zauna? Na ɗauka karatun ne ya ishe ki."

Kin ji. Na ba ta abin da ba ta roƙa ba, ba ta ma san na ba ta ba. Ita ba ta iya rubutu ba balle ta sa mini takarda a akwati. Ni na iya, ko da a karkace ne, shi ya sa nake gaya miki da baƙin biro: ban ce ki zauna ba. Ban roƙa ba, ba na so, in kin yi ma ba zan gode ba.

Ba zan yi miki ƙarya in ce ba na kewa ba. Da la'asar, lokacin da Babanki yake jingine fartanya a jikin katanga ya ce a ba shi ruwa, har yanzu sai na ɗaga kai. Amma wannan kewar tawa ce, mijina ne, zamanki a gida ba zai rage ta ba, sai dai ya ƙara mini ta biyu in ina ganinki kina dakan fura da ilimin nan a kanki. Kuma ba ni kaɗai ba ce. Habibu ya karɓi gona, huɗarsa ma ta fi ta Babanku miƙewa, kada dai ki gaya masa. Zinatu tana nan da surutunta. Asabe kullum sai ta zo ta cinye mini goro ta gaya mini laifin kowa a garin. Akuyar nan mai taurin kai ta haifi biyu. Gero ya yi kyau bana, alhamdu lillahi.

Ki riƙe sallarki a kan lokaci ko injin yana kuka. Ki girmama matar kawunki, ki taya ta aiki ranar da ba ki fita ba. Ki ci abinci, na san ki in kin sa kai a abu sai ki manta da cikinki. Ki zo mana da babbar sallah, ba kafin nan ba, sai in wani abu ya faru, kuma in ya faru ni zan aiko.

Gobe ba zan raka ki bakin titi ba, Asabe da Zinatu za su kai ki mota. Lokacin da kike karanta wannan kin riga kin ga haka, wataƙila har kin ji zafi a ranki. Ba fushi ba ne. Na san kaina ne. In na ga kin sa ƙafa a motar nan hannuna zai kama gefen mayafinki, ke kuma za ki sauko, duk abin da na kwashe kwana huɗu ina rubutawa ya tashi a banza. Gara in tsaya a gida in riƙe tsintsiya da hannu biyu har in ji tashin motar.

Allah ya yi miki albarka, ya sa ki gama da duniya lafiya. Allah ya tsare idonki da ƙirjinki da hannuwanki, ya sa aikinki ya amfani mutanen da ba za su taɓa sanin sunanki ba. Allah ya jiƙan Babanki, ya haskaka kabarinsa, ya kai masa labarinki. Ki gai da kawunki da matarsa da yara. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Hauwa Kulu